Takwarar Godiya

Tun da na dawo daga Kafanchan ban sami sakat ba, kuma laifin hoton nan ne da na ɗora a waya, ina sanye da malafa a kan mayafi, ga kan doki ya leƙo ta kafaɗata. A asibiti abokan aiki tambaya, a gidan suna tambaya, har mai kawo mana ruwa sai da ya ajiye kurarsa ya ce, "Hajiya, ashe kina hawan doki?" Ban hau ba, kuma ba ni da niyyar hawa har in koma ga Allah. Amma tunda kun matsa, bari in zayyana muku labarin sau ɗaya, kowa ya huta.

Wadda ta gayyace ni ƙawata ce, Rifkatu. Tare muka yi makarantar koyon aikin jinya a Zariya, gadonta a sama, nawa a ƙasa. Ta zo Malumfashi bikina, ta zo sunan 'ya'yana, ni kuwa ban taɓa taka garinsu ba. Kullum ina da uzuri, yau aiki, gobe nisan hanya, jibi labaran da ake ji. Rannan ta kira ni ta ce, "Binta, wannan karon in ba ki zo ba, na cire ki a kawayena. Godiya zai cika shekara takwas, za mu yi masa bazde a wurin dawaki. Ina dokin ganinki."

Na ce, "Ɗoki ake cewa, Rifkatu. Doki shi ne mai ƙafa huɗu."

Ta ce, "Duka daya ne."

Wannan faɗan tun muna 'yanmata muke yin sa. Hausar mutanensu ba ruwanta da ƙugiya, ɗa da da duk ɗaya ne a bakinsu, kuma mace da namiji kowa "ya" ne. Ni kuwa Bakatsiniya ce, kunnena ba ya barin irin wannan ya wuce, bakina kuma ba ya iya shiru. Ta saba da ni, in na gyara mata sai ta maimaita kuskuren da gangan.

Ranar dai ba ta maimaita ba. Sai ta faɗa mini ainihin abin da ya sa take so in zo. Godiya ita kaɗai ce Allah Ya ba su, bayan doguwar jira, shi ya sa ma aka sa mata sunan. Bara mahaifinta, Yakubu, ya ɗauko ta a babur zai kai ta makaranta, mota ta buge su. Shi ƙujewa kawai ya yi, ita kuwa ƙafarta ta karye wuri biyu. Na san wannan, har na yi musu jaje a lokacin. Abin da ban sani ba shi ne ƙafar ta warke amma ta gajarce, sai da sanda da wani takalmi mai tudu take tafiya, kuma tun da aka sallamo ta ta ƙi yarda wani yaro ya gan ta a tsaye. Ba makaranta, ba makarantar Lahadi. In ƙawayenta sun zo, sai ta haye gado ta ja bargo. Abu ɗaya ne ya rage yake sa ta murmushi, kallon dawaki a wayar uwarta. Shi ne iyayen suka ƙulla dabara: a kai ta gidan gonar da ake kiwon dawakin da sassafe, a ɗora ta a kan doki kafin yara su iso, su same ta a can sama, ba mai lura da ƙafa. A kan wannan sharaɗi kaɗai ta amince.

Rifkatu ta ce, "In wannan bai yi ba, Binta, ban san me zan yi ba kuma." A ranar na nemi hutu.

Daga Malumfashi zuwa Kaduna ba wani labari, hanyar da kuka sani ce. A Kaduna na canza mota, na rungume bokitin alkakin da na yi wa yara. Kusa da ni wata dattijuwa ce, Mama Saratu, sanye da zanen zumuntar matan coci, za ta koma gida Kaciya. Ba mu yi nisa ba muka zama 'yan'uwa, don ta ba ni gyaɗa, na ba ta dabino.

Kun tambaye ni ko akwai iyaka tsakaninmu da su. Shingayen jami'an tsaro dai akwai su, a leƙa a ce a wuce. Amma iyakar gaskiya a kunne take, kuma a Kujama na tsallake ta. Mun tsaya sayen gasasshiyar masara, mai tallar ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Mama, nawa kana so?" Sai da na waiwaya in ga namijin da ke bayana. Motar gaba ɗaya ta kwashe da dariya, Mama Saratu har da riƙe ciki. Ta ce, "Daga nan har Kafanchan kai namiji ne, Hajiya, sai ka yi hakuri."

Gaba kaɗan motar ta faɗa wani rami, murfin bokitina ya goce, zumar alkaki ta tsiyaye a kan zanen baiwar Allahn nan. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ita kuwa ta sa yatsa ta lakato ta lasa, ta ce in dai irin wannan ne a ƙara zubawa. Na cika mata leda kafin ta sauka. A hanya ta nuna mini gonakin citta, ta ce da ita ta yi wa 'ya'yanta makaranta har suka gama. Ni da nake sayen citta 'yar ƙulli a kasuwa, ban taɓa tunanin gona guda ake yi mata ba, ga ta nan shar har inda ido ya ƙare.

A Samarun Kataf direbanmu ya gangara gefen titi ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Gicciye ne rataye a madubinsa. Ya juyo ya ce, "Hajiya, azahar ya yi. Ga masallaci can, muna jiranka." Ni kaɗai ce Musulma a motar, kuma ba wanda ya yi tsaki. Na yi sallata na dawo na tarar sun saya mini ayaba. Abin ya tsaya mini a rai, ina ta juya shi har duwatsun Kagoro suka bayyana a gabanmu. Ban iya kwatanta muku su ba. Dutse ne ya tashi ya tokare sama, kore tun daga gindi, ga gajimare kwance a wuyansa. Tasbihi kawai na kama yi.

Gidan su Rifkatu yana kusa da layin dogo, cikin tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. Na tarar ta saya mini sabuwar buta da sabuwar darduma, har da sabuwar tukunya, wai don kada in yi wasuwasi. Na ce mata da can a Zariya da wace tukunyar muke cin garau-garau? Aka kawo faten acca da yakuwa da gyaɗa, na ci har na ji nauyin kaina, aka biyo da shayin citta wanda ya buɗe mini hanci da kunne gaba ɗaya. Wanda muke sha a gida ashe ruwan zafi ne kawai.

Sannan aka kai ni wurin mai bikin. Tana zaune a gado, bargo har ƙugu duk da zafin da ake yi, bangon ɗakin cike da zanen dawaki da ta yi da fensir. Yarinya ce mai manyan idanu da natsuwa irin ta manya. Ta ce, "Sannu da zuwa, Anti. Ya hanya?" Na hango sandar an jingine ta a bayan ƙofa, inda baƙo ba zai gani ba, na yi kamar ban gani ba. Na yi shekaru ina jinyar masu karaya, amma wannan bargon ya karya mini zuciya. Mahaifinta yana tsaye a bakin ƙofa. Malamin makaranta ne a garin Gidan Waya, mutum mai ƙarancin magana, kuma Rifkatu ta ce tun ranar hatsarin bai sake hawa babur ba, yana nan a rufe a bayan gida.

Washegari aka shiga shiri, a nan na ga ikon Allah. Mu a gidanmu wa ya san ranar haihuwarsa? Innata in ka tambaye ta, cewa take yi an haife ni shekarar da rijiyar unguwa ta rufta. Su kuwa ba bikin kaɗai ba, sai an zaɓa masa jigo, komai ya tafi a kansa. Na Godiya kaboyi ne, irin makiyayan Turawan nan na fim: kowane yaro da hula mai faɗi, da jan ƙyalle a wuya. Ni aka ba aikin yanka ƙyallayen da ƙulla su, na wuni da almakashi.

Shugabar shirin maƙwabciyarsu ce, Maman Chinedu. Iyayenta daga ƙasar Ibo aikin jirgi ya kawo su, a Kafanchan aka haife ta, kuma Hausa a bakinta kamar famfo. Ita ta yi odar hulunan kaboyi daga Anaca, har ana gobe biki ba su iso ba. Ba ta tsaya kuka ba, ta shiga kasuwa ta kwaso malafun Fulani gaba ɗaya. Ta ce, "Kaboyi ba mai kiwon shanu ba ne? To ga hulan masu kiwon shanu na asali. Wa zai yi mun gardama?" Ita ce kuma ta gasa kek mai siffar doki. Da ta buɗe shi muka yi tsit, don duk inda ka juya shi jaki ne. Ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Doki ne yana karami." Balan-balan da na'urar kiɗa kuwa an hana, mai kula da dawakin ya aiko cewa dabbobinsa ba sa son fashewa da ƙara.

Safiyar bikin Rifkatu tana yi wa Godiya kitso a ɗaki, ni ina tsakar gida ina jera alkaki a faranti. Wayarta ta yi ƙara, hannunta duk mai, sai ta sa ta a lasifika. Baffa Sale ne, Bafulatanin da ke kula da dawakin. Ina jin muryarsa tar ta taga.

Ya ce, "Madam, a yi haƙuri. Goɗiyar nan ba za ta fito ba yau. Ƙafarta ba ta warke ba, ɗingishi take yi. Ba na so yara su taru a kanta, gara a bar ta a rufe." Daga nan layin ya yanke.

A raina na ce ayya, dabbar da aka zaɓa ba ta da lafiya, sai a ba da wata. Na ci gaba da jera alkakina. Shirun da na ji ne ya sa na leƙa. Rifkatu tana tsaye da matsefi a hannu. Godiya ta shige bargo har kai, rabin kitso a tsefe. Yakubu ya shigo da gudu, matarsa ta juya kansa.

"Kai ka gaya masa zancen kafan?"

Ya ce, "Na gaya masa don ya zaba mana doki mai hankali."

"To ka ji. Ya ce a rufe yarinyan mu a daki."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na ce, "Rifkatu, tsaya. Ba Godiya ya ce ba, goɗiya ya ce. Macen doki, sunanta ke nan a Hausa, goɗiya. Dokin da Baffa Sale ya zaɓa mace ce, ita ce ba ta da lafiya."

Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Binta, yau ba ranan wasanki ba ne."

Ba ta taɓa jin kalmar ba, shi ma Yakubu haka. A wurinsu doki doki ne, in ya zama dole su ce macen doki. Kuma wanda ya shekara ashirin yana tsokanarka da ɗa da da, ranar da ya zo da gaskiya ma tsokana za ka ɗauka. Muka yi ta kiran Baffa Sale, layi ya ƙi shiga, don gidan gonar sai an hau tudu ake samun sabis. Na zauna a bakin gado na dafa bargon.

Daga ciki ta ce, "Anti, na ji da kunnena. Ya kira sunana."

Na ce, "Kunnenki bai yi ƙarya ba, sunan ne ya yi kama. Ga abin da za mu yi. Ki zo mu je, ki zauna a mota, ba sai kin fito ba. In babu doki mai ciwon ƙafa a wurin, ni da kaina zan dawo da ke, kuma ba yaron da zai gan ki."

Daga baya ta ce sai dai in ba ta mayafina ta rufa. Na ba ta, na ɗauko wani. Kafin a ƙarasa kitso, a lallashi uwar, a loda kaya, rana ta yi sama. Muna fita gari muka san dabarar ta rushe, don motar da ta kwaso yara ta riga mu tafiya.

Gidan gonar yana kan hanyar Gidan Waya, ka saki kwalta ka bi jar ƙasa. Na wani likitan dabbobi ne da ya yi ritaya, ya haɗa hannu da Fulanin da suka daɗe zaune a wurin. Ni dokin da na sani a ɗaure yake a turke, ana kai masa harawa. A nan kuwa sake suke a fili, ba sirdi ba linzami, ciyawa har gwiwa. Muna shiga wasu suka ɗauki gudu tare, ƙasa tana amsawa har cikin ƙirjina. Na ga halitta iri-iri, amma ban san haka Allah Ya ƙera wannan dabba ba sai ranar. A bayana na ji mayafi ya ɗan motsa, ido ɗaya ya leƙo.

Yara kuwa sun cika wurin, kowa da malafa da jan ƙyalle, suna ta tsalle. Matan Fulani da suka kawo nono sun tsaya gefe suna dariya har da hawaye, wai ga 'ya'yan birni an mayar da su makiyaya. Yakubu ya kai motar can ƙarƙashin wata ɗorawa, nesa da su. Na sauka na nemi Baffa Sale. Dattijo ne dogo siriri, da farin gemu. Na gaishe shi na ce, "Baffa, ka san sunan yarinyar da ake yi wa bikin?" Ya ce a'a, shi dai 'yar Malam Yakubu ya sani. Na faɗa masa, na kuma faɗa masa abin da aka ji a waya. Ya kama baki ya yi salati. Sai ya juya ya nufi wata rumfa.

Can sai ga shi ya zagayo ta bayan shinge, riƙe da igiyar goɗiyar. Fara ce sol, sai ɗan toka-toka a wuya, ƙafarta ta gaba ɗaure da bandeji. In ta taka sai kanta ya yi ƙasa, ta ɗago, ta sake takawa. Ya kawo ta har jikin mota, ta sa hanci ta taga tana shinshina mayafina.

Ya ce, "'Yata, ga wadda nake nufi. Ke Godiya, ita goɗiya. Ashe takwararki ce ban sani ba. Ki yafe wa tsoho."

Mayafin ya zame. Ta daɗe tana kallon bandejin, sannan ta ce, "Me ya same shi?"

"Rami ta faɗa tana gudu."

"Shi ya sa ka rufe shi? Yana jin kunya?"

Baffa ya ce, "Kunya kuma? A'a. Zafi dai take ji, kuma yara ba su iya sannu ba. Ba ta ma son rufewar. Likita ya ce kullum a zaga da ita a hankali, in ta cika tsayuwa ƙafar za ta sandare. To duk wanda na ba igiyar sauri gare shi, sai ya riƙa janta." Ya juya wurin Yakubu ya ce akwai wani jan doki mai sanyin hali a bayan rumfa, in an zagaya da motar za a ɗora yarinyar ba wanda ya gani. Rifkatu ta yi ajiyar zuciya, ta ce a yi hakan. Ni ma na ce Alhamdu lillahi, dabara ta dawo.

Godiya ba ta ko kalli inda ake nunawa ba. Hannunta yana kan goshin goɗiyar. Ta ce, "Ni ba na sauri." Ta juya wurin mahaifinta. Ta ce, "Baba, ba ni sandana."

Yakubu ya buɗe bayan mota, ya ɗauko sandar ya miƙa mata. Ta sauko da ƙafa mai lafiyar, ta biyo da mai takalmin, ta gyara sanda a dama, Baffa ya sa mata igiya a hagu. Maman Chinedu, da ban san lokacin da ta iso ba, ta kifa mata malafa a ka. Suka kama hanya, kuma ba bayan rumfa suka nufa ba, tsakiyar fili suka nufa, inda yaran suke.

Na ga abubuwa a aikina, na ga wanda aka fid da rai ya tashi, amma ban taɓa ganin abin da ya sa tsigar jikina ta tashi irin wannan tafiyar ba. Yarinya ta dogara ta taka, goɗiya ta sunkuyar da kai ta taka, ɗingishinsu ya zo daidai kamar sun yi shawara. Ba mai jan wani. Rifkatu ta damƙe mini hannu har sai da ya yi shati, tana wata waƙar coci ƙasa-ƙasa, ni kuma ina ta hailala.

Yaran suka hango su. Wata ta ƙwalla, "Godiya!" suka kwaso a guje. Godiya ta ɗaga sandarta sama, sandar nan da ake ɓoyewa a bayan ƙofa, ta ce, "Ba gudu. Za ku tsorata shi." Suka ja birki. Wani ɗan ƙaramin mai malafa har hanci ya tsura wa takalminta ido ya ce, "Me ya sami kafanka?"

Ta ce, "Mota. Nashi kuma rami."

Ya ce, "Ayya." Sannan ya ce, "Zan rike igiyan?"

Ta ce sai ya iya tafiya a hankali. Nan take yara suka jeru a bayanta, kowa yana nuna ya fi kowa iya sannu, suka zaga filin nan kamar masu rakiyar amarya. Na waiwaya in ga Yakubu. Ya jingina da mota, ya rufe fuska da malafa, kafaɗunsa suna rawa. Baffa Sale ya je ya tsaya kusa da shi.

Sauran bikin ya tafi yadda biki yake tafiya. An ɗora yara a kan jan dokin ɗaya bayan ɗaya, ana riƙe da linzami, wasu suna ihu a sauke su, da an sauke su kuma su koma layi. Aka yi wasan jefa igiya a wuyan turmi, aka sha fura da nono, aka ci shinkafa. Matar fasto ta yi addu'a, Baffa ya yi tasa, kowa ya ce amin sau biyu. Da aka buɗe kek wani yaro ya ce jaki ne, Maman Chinedu ta ce to shi ba zai ci ba, nan take ya ga doki. Hoton da ya dame ku kuwa, a lokacin aka ɗauka. Murmushin da kuka gani na tsoro ne, kuma ba ƙaunata ce ta kawo dokin ba, alkakin da ke hannuna ya biyo, ya kuma samu.

Mai bikin ba ta hau doki ba ranar. An yi mata tayi, ta ce sai takwararta ta warke.

Da zan taho Rifkatu ta cika mini buhu da citta da acca, ta raka ni tasha. Muka rungumi juna muka yi kukanmu, ta ce, "To malaman Hausa, na yarda, ba duka daya ba ne." Hanyar dawowa ban ga komai ba, barci na yi har Kaduna.

Bayan 'yan kwanaki ina bakin aiki saƙon murya ya shigo. Na koma gefe na kunna. Muryar Godiya ce, da hayaniyar yara a bayanta.

"Anti, ina wuni. Na je makaranta. Sun tambaye ni kafan, na gaya masu, shi ke nan. Ran Asabar Baba zai kai ni in zaga da takwarana, a mashin za mu je, ya wanke shi jiya. Ina koyon sunan, ji: go-ɗi-ya. Na iya? Anti, yaushe za ki dawo? Ina dokin ganinki."

Na danna zan amsa, bakina har ya ɗauko gyaran da ya saba. Na haɗiye shi. Na ce mata ta iya sarai, kuma ni ma ina dokin ganinta.